NUNA WA ƊAN'UWANKA KASUWA: HAƘƘIN SABON ƊALIBI A KAN WANDA YA RIGA SHI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɗaukaka ɗan Adam da ilmi, ya hore masa ƙarfe da ruwa da abin da ke cikin ƙasa domin ya jarraba shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, damina kuma ta ja baya, akwai ƴaƴanmu da ke ɗaure kaya daga Ollelewa da Bakin Birji, daga Tanut da Gangara da Falenko da Belbeji, su nufi manyan makarantu. A cikinsu akwai ƴan kaɗan da suka zaɓi karatun injiniya. Wasu za su tsaya nan jami'ar Damagaram, wasu su wuce jami'ar Maraɗi inda ake koyar da aikin gine-gine da lantarki da injuna, wasu su tafi makarantar ma'adinai ta Agadas, wasu kuwa sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, ko dai jami'ar Abdu Mumuni ko makarantar injiniyoyi ta EMIG. Mukan raka su tasha, mu yi musu addu'a, mu juyo gida. Nasiharmu ta wannan fitowa a kan abin da ke biyo bayan tashin motar ne: wa zai tarbe su a can, kuma mene ne Shari'a ta ɗora wa wanda ya riga su zuwa?

MATSAYIN WANNAN ILMI A MUSULUNCI

Mu fara da kawar da wani ruɗani. Har yanzu akwai masu ganin cewa karatun lissafi da injuna neman duniya ne tsantsa, masallaci ba shi da ta cewa a cikinsa. Malamanmu magabata ba su tafi a kan haka ba. Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa duk ilmin da zaman jama'a ba ya daidaita sai da shi, kamar likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa, farilla ne na kifaya. Watau idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kuwa gari ya rasa mai shi, laifi ya hau kan kowa.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin bayin Allah da suka yi aiki da hannu da awo. Annabi Nuhu (AS) ya sassaƙa jirgi da umarnin Ubangijinsa. A cikin Suratu Saba'i an tausasa wa Annabi Dawuda (AS) ƙarfe, aka umarce shi da ya kyautata awo wajen ƙirar sulke. A cikin Suratul Kahfi, Zulƙarnaini ya toshe tsakanin duwatsu biyu da guntayen ƙarfe da narkakken tagulla, kuma mu lura, bai yi aikin shi kaɗai ba, sai da ya nemi mutanen wurin su taimake shi da ƙarfinsu. A shekara ta 5 bayan hijira, shawarar Salmanul Farisi (RA) ta haƙa ganuwar rami ce Allah ya sanya sanadin kare Madina daga rundunonin ƙawance.

To, balle mu mutanen Damargu, da buƙatar ke bakin ƙofarmu. A ƙasar Ollelewa aka gina matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, aka buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011. An tsara ta don tace ganga 20,000 kowace rana, watau sama da lita miliyan 3, ɗanyen man kuwa yana zuwa ne ta bututu daga Agadem, tafiyar fiye da kilomita 460. A 2024 aka fara fitar da ɗanyen man ƙasarmu ta wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Ruwan da birnin Damagaram ke sha, wani kaso nasa daga rijiyoyin Ganaram yake fitowa, nan arewa. Hanyar da ta ratsa mu zuwa Agadas tana son masu gyara. Rijiyoyin Damargu kowa ya san zurfinsu, kowa ya san wahalar da mata da dabbobi ke sha a bakinsu da rani. Duk waɗannan ayyuka ne na injiniya. Yaron da ya tashi yana hangen wutar matata da dare daga gonar ubansa, idan Allah ya kai shi ƙofar wannan ilmi, wajibi ne a kan al'ummarsa ta tallafe shi ya shiga ya fito, domin nauyin da ke kanmu duka ne ya tafi saukewa.

Kada kuma wani ya ce wannan fage ba na ɗan ƙasar Hausa ba ne. Marigayi Abdu Mumuni, wanda aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, haifaffen Tasawa ne a 1929. Ya shahara a ilmin kimiyyar hasken rana, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa tun daga 1969, daga baya ya shugabanci jami'ar kanta, ya rasu a 1991. Wutar rana da ke juya famfunan burtsatse a ƙauyukanmu yau, tun wancan zamani yake kira a mai da hankali gare ta.

INDA SABON ƊALIBI KE TUNTUƁE

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yaron da ya fi kowa a ajinsu na lise yakan isa jami'a ya tarar da zauren karatu cike maƙil, malami yana bayani da sauri, ba ya kiran sunan kowa, ba ya tambayar wanda bai zo ba. Bai san inda ake rajista ba. Bai san takardun da ake haɗawa don neman ɗaki ko kuɗin tallafi ba, balle ranar da ake rufe karɓa. Guzurin da aka haɗa masa yakan ƙare kafin ya gane kan gari. Kunya ta hana shi tambaya, domin a ƙauyensu shi ake tambaya.

Karatun injiniya kuwa yana da wata ɗabi'a da ya kamata iyaye su sani. Kamar jeren bulo yake, kowane layi a kan na ƙasa yake zaune. Wanda lissafin watanni uku na farko ya kuɓuce masa ba zai gane darasin ƙarfin kayan gini ba, ba zai gane tafiyar ruwa cikin bututu ko ta wuta cikin waya ba, domin duk da wannan lissafin ake karanta su. A tsarin da ake bi yanzu ana raba shekara gida biyu, kowane zango da jarrabawarsa, saboda haka babu damar a ce sai ƙarshen shekara a farfaɗo. Ku tambayi magina: kankare yana kai ƙarfin da aka auna masa ne a kwana 28, amma ruwan da aka ba shi a makon farko shi ne ke yanke hukunci. Idan ya bushe da ƙishi a kwanakin nan, ko an yi masa ambaliya daga baya ba ya komawa daidai. Haka makonnin farko suke ga sabon ɗalibi.

Akwai kuma tuntuɓen da ya fi wannan muni. Yaron da bai sami mai riƙe hannunsa a kan alheri ba, zai sami mai riƙe shi a kan wani abin. Fadar shan shayi da karta ba ta korar baƙo. Masu ƙwaya ba sa tambayar takardar haihuwa. Haka nan masu ɗauke da aƙidun kafirta Musulmi da zubar da jini, kaɗaitaccen yaro suke farauta. Manzon Allah (SAW) ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turaren miski, mugun aboki kuwa da mai zuga wutar maƙera, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Mu ma a nan mukan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

DARASI DAGA MADINA

Ya ƴan'uwa, matsalar baƙo ba sabuwa ba ce, maganinta ma ba sabo ba ne. Da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, Muhajirai sun zo ba gida, ba gona, ba su san gari ba. Bai wadatu da yi wa jama'a wasiyya da baƙi a dunƙule ba. Sai ya ƙulla ƴan'uwantaka mutum da mutum, wannan Bamuhajire ga wannan Ba'ansare, kowa ya san wanda aka damƙa masa. Wannan ita ce hikimar, domin aikin da aka bar wa kowa, ba wanda ke yin sa.

Abdurrahman ɗan Aufu (RA) an haɗa shi da Sa'adu ɗan Rabi'u (RA). Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya roƙe shi abu guda, ya nuna masa hanyar kasuwa. Aka nuna masa. Ya shiga ya yi ciniki, ya dawo da ribar cuku da man shanu, ba a daɗe ba ya yi aure da guminsa, daga baya ya zama cikin manyan mawadatan sahabbai masu ciyarwa saboda Allah. Ku dubi ladabin ɓangarorin biyu. Mai gida bai yi rowa ba, baƙo bai zama kaya ba, abin da ya haɗa su shi ne nuna hanya.

A fagen karatu ma akwai misali. Sayyidina Umar (RA) ya kasance yana zaune a unguwannin tudun Madina, nesa da masallaci, shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare. Sai suka raba kwana: yau wannan ya sauka majalisin Annabi (SAW), gobe wancan, duk wanda ya je ya dawo wa ɗan'uwansa da abin da ya ji. Buhari ya ƙulla wa wannan babi na musamman a kan karɓa-karɓa wajen neman ilmi.

Ƙasarmu ba ta jahilci wannan tsari ba. A tsangaya, alaramma ba shi ke bin kowane ƙolo da allonsa ba. Gardi ne ke biya wa titibiri, titibiri ya kula da ƙolo, kowa yana jan na bayansa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da wannan hanya ta isar da ilmi ga matan karkara: ta karantar da jaji, jaji ta koma ta karantar da ƴan taru. Abin da muke kira gare shi gadonmu ne, wurin aikinsa kawai ya sake.

ABIN DA KE KAN ƊALIBIN DA YA RIGA ZUWA

Ya kai ɗanmu da ke aji biyu ko uku ko sama da haka, ka sani kai ne Ba'ansaren wannan baƙo. Ga abin da muke yi maka wasiyya da shi:

1. Ku zauna kafin a koma karatu, ku rubuta sunayen sababbin da ke tafe, ku raba su a tsakaninku da suna. Kada mutum ɗaya ya ɗauki fiye da biyu ko uku, domin ya iya riƙe amanar.

2. Ka tarbe shi a tasha. Ka ba shi wurin shimfiɗa har ya sami nasa. Ka taka da shi da ƙafarka zuwa wurin rajista, da ɗakin littattafai, da wurin cin abinci, da asibitin makaranta, da masallaci. Zumunta a ƙafa take.

3. Ka ba shi littattafanka na bara da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ka gaya masa darussan da suka fi kayar da mutane domin ya tashi musu da wuri. An ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye, cewa za a yi masa linzami da wuta ranar ƙiyama. Ɓoye takarda don kada ƙanenka ya fi ka, hassada ce, kuma ba ta ƙara wa kowa maki.

4. Ku tsayar da zaman bita sau ɗaya ko biyu a mako, a lokaci sananne, mutum huɗu zuwa shida. Sabo shi zai riƙe alli ya warware lissafi, kai kana gyara. Wanda aka yi wa aiki ya huta yau, wanda aka sa ya yi da hannunsa shi ya koya. Mai littafin Ta'alimul Muta'allim, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya ƙarfafa muzakara tsakanin ɗalibai, ya kuma yi dogon bayani a kan zaɓen abokin karatu. Kai ma za ka ga amfanin, domin darasin da ka koyar ba ya barin kanka.

5. Ka kiyayi taimakon da yake cuta. Rubuta masa aikin gida, ko miƙa masa amsa a ɗakin jarrabawa, ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai ha'inci kamar yadda Muslim ya ruwaito. A Suratul Ma'ida aya ta 2 an umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, an hana mu taimakon juna a kan zunubi. Injiniyan da ya fita da satar amsa, gobe shi zai auna ƙarfen rufin aji ko gadar da ƴan'uwanka za su bi. Idan ta rufta, kana da kaso cikin jinin.

6. Kada ka wulaƙanta shi da sunan al'adar karɓar sababbi. Kada ka mai da shi ɗan aike ko mai wanki. Kada ka sa taimakonka ya zama tarko don jan sa cikin ƙungiya ko jam'iyya. Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

7. Ka zama mai lura. Idan ka ga ya daina zuwa aji, ko ya janye daga sahun salla, ko ya rame, ko ya yi shiru fiye da kima, ka same shi a keɓe. Sau da yawa yunwa ce, ko rashin lafiya, ko mummunan labari daga gida. Ka rufa masa asiri, abin da ya fi ƙarfinka ka kai shi ga malami ko likita.

Ƴan'uwa mata da ke wannan karatu, adadinsu kaɗan ne, saboda haka kaɗaicinsu ya fi tsanani. Yayyensu mata su ne za su karɓe su, kamar yadda jaji ke karɓar ƴan taru. Maza su taimaka da littafi da bita a bainar jama'a, ba tare da keɓancewa ba, su tsare mutuncinsu kamar na ƙannensu na ciki ɗaya.

Sa'an nan mu ja kunne game da ƙabilanci. Damargu gida ne na Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani, kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke ja. Ƙungiyar ƴan gari ɗaya abu ne mai kyau muddin ƙofarta a buɗe take. Idan ka ga baƙo daga Difa ko Tilaberi yana dube-dube da jaka a hannu, ɗan'uwanka ne. Ko wanda ba Musulmi ba, yana da haƙƙin maƙwabtaka da na abokin zama, kuma kyakkyawan halinka shi ne wa'azin da zai fi ji.

ABIN DA KE KAN SABON ƊALIBI

Kai kuma ɗanmu mai shirin tafiya, ka yi koyi da Abdurrahman. Ka nemi a nuna maka kasuwa, cinikin kuwa kai za ka yi. Ka gyara niyyarka tun daga gida, ka ƙudurta cewa farilla za ka sauke wa jama'arka, sai kowane dare da ka raya a kan lissafi ya zama ibada. Ka yi tambaya tun ranar farko, matambayi ba ya ɓata. An ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibnu Abbas, cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilmi. Ka girmama wanda ya riga ka ko da ka girme shi da shekaru. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka tsara barcinka da kuɗinka, wayar hannu kuma ka zama kai ke riƙe da ita. Idan ka faɗi wata jarrabawa, kada ka ɓuya, ka nufi yayanka a ranar. Sa'an nan ka sani bashi ne ka ci, kuma baɗi za ka biya shi ga wanda zai sauko daga mota a bayanka.

ABIN DA KE KAN IYAYE DA LIMAMAI DA MASU HALI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibin da muke ɗora wa wannan aiki shi ma ɗan talaka ne, kwanonsa ɗaya zai raba biyu. Don haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu da su tara ɗalibai, tsofaffi da sababbi, kafin tafiya, a gabatar da su ga juna a gaban liman da iyaye, a yi musu addu'a tare. Uba ya san wanda aka damƙa wa ɗansa, ya riƙa tambayarsa.

Lokacin tafiyarsu yana dacewa da kaka. Damargu rumbun hatsi ce tun zamanin ayari. Idan kowane magidanci da Allah ya ba shi ya ware tiya ɗaya ko biyu ta gero ko wake, za a haɗa abin da zai riƙe ɗakin ɗalibanmu watanni. A naɗa amintattu biyu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, domin zargi ke kashe irin wannan aiki. Ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda zakka ke halatta gare su saboda talaucinsa, masu fitar da ita su tuna da shi. Ƴan kasuwarmu da direbobinmu masu zirga-zirga zuwa Damagaram da Maraɗi da Yamai, ɗaukar saƙon buhu zuwa ga ɗalibai sadaka ce mai sauƙi a gare ku.

Waɗanda kuma suka gama suka kama aiki, a matata ko a kamfanin ruwa ko na lantarki ko wurin haƙar ma'adinai, ku waiwayo. Ɗalibin injiniya ba ya kammalawa sai ya je koyon aiki a masana'anta, kuma ɗan ƙauyen da bai san kowa ba yakan daɗe yana yawo da takarda. Ku sanar da shi lokacin da ake nema, ku nuna masa yadda ake rubuta buƙata, ku ba shi shawara, ba tare da an danne haƙƙin wanda ya fi shi cancanta ba. Idan kun zo hutu, ku leƙa makarantun garinku ku yi wa yara bayanin aikinku, domin yaro ba ya sha'awar abin da bai taɓa ganin mai shi ba.

KAMMALAWA

Ya bayin Allah, Abu Musal Ash'ari (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya kwatanta muminai da gini wanda sashensa ke ƙarfafa sashe, sa'an nan ya sarƙe yatsunsa. Babu wanda ya kamata ya fahimci wannan kwatanci kamar mai karatun gini, wanda ya san cewa bulo ba ya tsayuwa sai an sarƙa shi da na kusa da shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa mai nuni zuwa ga alheri yana da kwatankwacin ladan mai aikata shi. Saboda haka wanda ya riƙe hannun ƙanensa har ya zama injiniya, duk rijiyar da ya haƙa, duk ajin da ya gina, muna kyautata zaton yana da rabo a ciki ko bayan ya kwanta dama.

Muna roƙon limamai da su karanta wa jama'a wannan nasiha, wanda ya karanta kuma ya miƙa wa wanda bai samu ba. Allah ya ba ƴaƴanmu ilmi mai amfani, ya haɗa su da abokai na gari, ya tsare su daga fitinar zamani, ya dawo mana da su lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.